Sifikar da Masta Mumin Ya Gyara

Duk wanda ya zauna a Aboabo ta Kumasi shekara ashirin da suka wuce ya san rumfar Masta Mumin, ko da ƙafarsa ba ta taɓa shiga ba, don kunnensa ya sha shiga. Al'adar masu gyaran rediyo ce a wannan layin, in ka gama aiki ka fito da abin bakin titi, ka ƙure masa murya, unguwa ta yi maka shaida. Na Mumin kuwa ba ya ɓuya. In ya kunna rediyon da ya fito daga hannunsa, har numfashin mai karanta labarai kana ji tsakanin magana da magana. Masu koko a tsallaken titi sai su dubi juna su ce, "Masta ya gama wani."

Shekara bakwai ya yi yana koyo a hannun wani tsoho, Masta Auwalu, mutum mai saurin hannu wanda ba ya maimaita magana. Abu ɗaya tsohon ya dasa masa a kai. Mai kaya ciwo ɗaya zai faɗa maka, wanda ya dame shi, sauran ciwukan kuma naka ne, kai za ka nemo su ka kashe, ba tare da an roƙe ka ba. In an kawo rediyo don eriya ta karye, ka ɗaura eriya, ya koma gida yana shiiii, to kai za a zaga a unguwa, har da wanda ya koya maka. Mumin ya haddace wannan tsaf, ya haɗa da girman kansa, wanda dama Allah ya hore masa ba kaɗan ba.

Sai ƙuri'ar biza ta faɗo kansa. Aka yi murna, aka yanka rago, kowa yana cewa ai mai hannu irin nasa in ya je Amurka sai abin da ya manta. Shi ma ya yarda. Ranar haɗa kaya har faɗa suka yi da matarsa Azaratu, don ya fitar da zannuwanta biyu daga akwati ya cusa mitarsa ta gwajin wuta, da ƙarfen narka dalma, da wani gwangwanin madara cike da ƙananan kayan gyara. Haka suka sauka a Germantown ta Maryland, shi da ita da 'yarsu Nusrat tana goye.

Sati bai cika ba Amurka ta nuna masa ko ita wace ce. Ya fita zubar da shara, sai ga talabijin jingine da bola, faɗinta ya kusa ƙofar rumfarsa ta Kumasi. Ya duba hagu, ya duba dama, ya kinkime ta. Minti goma ya yi a kanta ta kawo hoto tangaram. Maimakon ya yi shiru da bakinsa ya more, wai shi mai amana, sai ya bi ƙofa-ƙofa yana neman mai ita. Da ƙyar ya same shi, wani ƙato da gajeren wando, ya leƙo ta bayan sarƙar ƙofa ya saurari bayanin Mumin har ƙarshe, sannan ya ce ya riga ya sayi wata, ya tura ƙofarsa. Mumin ya tsaya a barandar nan da talabijin a rungume, ya rasa wanda zai bai wa haushi.

Ashe ƙasar ke nan. Ba a gyara, sai dai a yar a sayi sabo. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana shan rankwashi don ya iya ta da mataccen rediyo, aikin da ya samu shi ne kula da wasu gidajen haya a gefen babbar hanya ta 270, ya canza ƙwan fitila, ya buɗe kwatar da ta toshe, ya zaro motar wasan yara daga cikin masai. Shekara goma sha huɗu yana wannan. Abin da ya fi ci masa rai kuwa mutanensa ne, 'yan zangon Kumasi da Ankara da ake haɗuwa da su wajen suna da biki. Mutanen da a gida suke kawo masa rediyo ɗaure da roba suna magiya, yanzu su ne masu canza waya duk shekara, kuma suka laƙaba masa suna Mumin Famfo. In famfon wani ya ɗiga a kira shi, in talabijin ta mutu a kai bola. Babu mai ce masa Masta sai Azaratu, ita ma sai in tana so ta tsokane shi.

Shi kuwa burinsa ɗaya ne a duniya, kuma bai ɓoye wa kowa ba, ya sake zama mai gyara, a riƙa sallama a ƙofarsa da kaya a hannu kamar da. Don haka garejin gidansu ya cika maƙil da tsince-tsincen bola, rediyo, fanka, injin ɗumama abinci, duk ya gyara su sumul, kuma babu mai so ko kyauta. Motar Azaratu a waje take kwana, ƙanƙara ta rufe ta, ta fito da safe tana kankarewa tana yi masa addu'ar shiriya.

Wata Talata aka tura shi wani gida a hawa na uku, kwatar kicin ta toshe. Mai gidan wata Baturiya ce, Linda. Aikin kwamfuta take yi a ɗaya daga ofisoshin gilashin nan na Germantown, albashinta ya isa ya rufa wa layi guda asiri, amma in ka gan ta sai ka ɗauka leburar magina ce, wando a yage a gwiwa, takalmi kamar an tono shi. Mumin ya gama da kwata, zai fita, sai idonsa ya faɗa kan wani baƙin akwati a kusurwar falo. Amfilifaya ce ta gita, wato na'urar ƙara mata sauti, tsohuwar gaske, irin mai ƙwayayen gilashi a ciki waɗanda sai sun yi zafi take magana. Rabonsa da ganin irinta tun rumfar Masta Auwalu. Ya durƙusa ya shinshina bayanta, ya faɗa wa Linda shekarunta da abin da ke cikinta, bai kuskure ko ɗaya ba.

Linda ta saki baki. Ta ce, "Mista Mumin, ka san kan waɗannan?"

Ya ce, "Aikina ke nan. Famfo ƙaddara ce."

Ta ce abin yana jan ta da wuta. Duk sanda ta riƙe gita leɓenta ya taɓa makirufo, sai ta ji kamar an mare ta. Mai gyaran da ta sani ɗaya ne, yana Baltimore, kuma sai ka jira wata huɗu. Sannan ta faɗi maganar da ta hana Mumin jin yunwa ranar nan. Ta ce irinta suna da yawa, ɗaruruwa ne daga Washington har Baltimore, duk da tsofaffin amfilifayoyi suke kiɗa, suna da zaurensu a intanet, kuma kullum kukansu babu mai gyara. In ya raba ta da jan wutar nan, za ta sa sunansa a zauren da hannunta.

Ta ba shi akwatin ya tafi da shi gida, ta haɗa masa da kaset na ƙungiyarsu, wai ya ji aikinsu. Kaset fa, a wannan zamani. Ƙungiyar ma in ka ji an ce ƙungiya sai ka zaci mutane ne, nan kuwa su biyu ne rak, ita da wani Jerome, malamin lissafi a makarantar sakandare. Ita gita da ihu, shi ganga, kuma gangar tasa babbar ganga ce guda ɗaya, da bokitin fenti, da murfin kwandon shara. Sunan kiɗan wai fank-bulus. Ba a sa su a rediyo, ba a gayyatarsu biki, a ɗakunan ƙarƙashin gidajen mutane suke taruwa su talatin, a rufe ƙofa a yi ta tsalle ana gumi, kuma da wannan rashin kasuwar suke alfahari.

Mumin ya sa kaset a tsohuwar motarsa a hanyar gida. Bai yi nisa ba ya gangara gefen titi da sauri, ya zaro kaset yana dubawa, don ya tabbata na'urar ce ke tauna zaren. Zare lafiya lau. Ya mayar, ya sake saurare. Gurnani, ƙara, kuwwa, gitar tana kuka kamar akuya ta cusa kai a gwangwani, a bayanta ana dukan bokiti ba ji ba gani. A nan ne Masta Mumin, da duk iliminsa, ya yi fahimtar da ta kai shi ta baro. Tausayinsu ya kama shi. Ya ce a ransa, bayin Allah, ashe shekara da shekaru da mataccen kaya suke fama, ba su sami mai taimakonsu ba.

Jan wutar bai ɗauke shi minti ashirin ba. Tsohuwar waya ce mai baki biyu da wani ɗan abu da ya tsufa yana yoyon wuta cikin ƙarfen akwatin. Ya cire, ya sa waya mai baki uku, magana ta ƙare. Da a nan ya tsaya, da ya mayar mata da kayanta an rabu ana godiya. Amma ina, sai ya kwance bayan akwatin gaba ɗaya. Abin da ya gani ya sa shi salati. Takardar sifika huda tara, ga wata doguwar tsaga ta reza an manne rabinta da salatif. Ƙwayayen gilashin babu biyu da suka dace da juna, ɗaya ma ta yi baƙi tana haƙilon mutuwa. Ya ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya yi wa baiwar Allah wannan aiki?"

Azaratu ta leƙo garejin da kayan aikinta a jiki, don tsofaffi take kula da su a gidajensu, kuma ta fi shi sanin cikin gidan Bature nesa ba kusa ba. Ta tambaye shi me aka ce ya gyara. Ya faɗa mata. Ta ce, "To ka gyara, ka rufe. Baban Nusrat, mutanen nan ba a yi musu gwaninta. Ni da na sami kaskon wata tsohuwa baƙi ƙirin na dirje shi har yana ƙyalli, kuka ta yi wiwi, wai shekara arba'in tana tara baƙin nan. Saura kaɗan a kore ni."

Ya ce, "Kasko daban, injin daban. Ke me kika sani a harkar wuta?"

Ta ce, "Babu, Masta," ta ja ƙofa.

Yamma biyar ya yi a kan akwatin nan, daga tashi aiki har magariba. Ya ɓare tsohuwar takardar sifikar gaba ɗaya, ya kankare gam ɗin, ya yi odar sabuwa, ya zaunar da ita daidai tsakiya da haƙurin da ba ya yi wa 'yarsa ma. Ya sa sababbin ƙwayaye 'yan gida ɗaya. Ya bi duk wata waya ya sake mata dalma. Har ƙunar taba da ke saman akwatin sai da ya goge. Da ya gama ya ɗaga ƙofar gareji, ya jawo abin bakin hanya, ya haɗa da rediyo ya ƙure. Muryar mai labarai ta fito garau, ga numfashin nan yana ji tsakanin magana da magana. Wata maƙwabciya ta wuce da karenta, daga ita har karen babu wanda ya waiwayo, amma Mumin ya ji daɗin da ya shekara goma sha huɗu bai ji ba.

Ranar Juma'ar mako na gaba bayan la'asar Linda ta zo ɗauka, ita da Jerome, don washegari da safe za su naɗi sabon kaset a Washington. Mumin ya tarbe su da rigar da ya je masallaci da ita. Linda ta rataya gita, ta sa leɓe a makirufo a tsorace, ba abin da ya ja ta. Ta yi dariya, ta ɗaga masa babban yatsa. Sannan ta daki gitar.

Sauti ya fito fes, mai sanyi, kowace tsirkiya da muryarta. Dariyar Linda ta ɗauke. Ta ƙure muryar abin har ƙarshe ta sake duka. Ya ƙara ƙarfi, amma tsabtarsa tana nan. Ta juyo a hankali ta ce, "Me ka yi masa?"

Mumin ya gyara tsayuwa ya fara lissafo mata aikin ɗaya bayan ɗaya, yana nunawa da yatsa, ya rufe da cewa duk wannan ƙarin kyauta ce daga gare shi, haka ake yi a inda ya koyi aiki. Ko sauraron ƙarshen ba ta yi ba. Ta zagaya bayan akwatin ta durƙusa, ta daɗe tana kallon sabuwar takardar nan mai sheƙi.

Ta ce, "Ina hudojina?"

Ya ce, "Na raba ki da su. Wanda ya yi miki wannan ɓarna, ki bar shi da Allah."

Ta ce, "Ni na yi su."

Mumin ya ɗauka Turancin ne ya kuɓuce masa, ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Da fensir ta yi su, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara goma sha ɗaya. Ta huda, ta yi wata da watanni tana saurare, sannan ta ƙara wata. Ƙwayar da ke haƙilon mutuwa kuwa sai da ta gwada fiye da goma kafin ta dace da mai irin wannan ciwon. Gurnanin da ya ji a kaset, shi ne kiɗan, shi mutum talatin ɗin nan suke biyowa. Jerome kuwa ya nemi wani injin ɗumama abinci ya zauna a kai ya dafe kansa da hannu biyu, sai ka ce an aiko masa da rasuwa.

Mumin ya ce, "Ke da hankalinki, da karatunki, kika sami sifika lafiyayya kika huda?"

Ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka, Mista Mumin." Ba ta ɗaga murya ba. Mutanen nan in za su yanka ka ba sa ɗaga murya, har haƙuri suke ba ka. Ta ciro waya ta nuna masa rubutun yabon da ta riga ta shirya da sunansa a sama, tana jiran ta gwada ta tura. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta san da kyakkyawar niyya ya yi, amma dole ta gargaɗi 'yan zauren kada wani ya kawo masa kaya.

Mumin ya dubi sunansa a saman rubutun. Ƙofa ɗaya ce ta buɗe masa a ƙasar nan cikin shekara goma sha huɗu, ga ta za ta rufe a kan aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa. Haushi ya cika shi, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

Linda ta mayar da waya aljihu, ta ɗauki sukuddirebansa daga kan tebur, ta koma bayan akwatin ta saita tsinin daidai tsakiyar sifikar. Kafin ta soka ya riƙe hannunta.

Ya ce, "Ba nan ba. In kika taɓa nan ta mutu ke nan, ko gurnanin ba za ki samu ba."

Ta ce, "To ina?"

Ya dube ta, ya dubi takardar da ya yi yamma biyu yana zaunarwa. Ya miƙa hannu ya ɗauki fensir. Ya buɗe baki zai yi bisimilla kamar yadda ya saba kafin kowane aiki, sai ya rasa ko ana yi wa irin wannan, ya haɗiye. Kunya kamar ta kashe shi, ya soka fensirin kusa da gefe, inda ya san takarda ta fi kaɗawa. Ya ce ta buga. Ta buga, wata 'yar zizar ƙuda ta fito a ƙarƙashin sautin. Ta ce, "Ƙara."

Ya ƙara. To abin haushin shi ne, mutumin ya san aikinsa. Abin da Linda ta yi shekara goma sha ɗaya tana lalube a duhu, shi ya san dalilinsa, ya san inda huda za ta ba da ziza da inda za ta ba da gurnani. Ya yi huda shida, ya ɗauki reza ya ja tsaga ɗaya tsawon yatsa. Ya tona gwangwanin madararsa, don shi ba ya yar da komai, ya zaro baƙar ƙwayar nan ya mayar da ita mazauninta. Ya jira ta yi zafi, ya ja da baya ya ce ta gwada.

Kai, jama'a! Abin da ya fito daga akwatin nan ba ya faɗuwa. Fankokin da ke rataye a bango suka hau rawa. Jerome ya zabura ya jawo wata tukunyar dafa shinkafa da Mumin ya gyara ya hau duka da sukuddireba biyu, Linda ta rufe ido tana kurma ihu a makirufo. Azaratu ta fito a guje da ludayi a hannu, ta ɗauka injin wanki ne ya haɗiyi cokali. Da suka tsaya, hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskar Linda. Ta ce wallahi ya fi na da, ya fi shi muni nesa ba kusa ba, kuma yabo take nufi. Jerome ya kama hannun Mumin da hannu biyu yana girgizawa.

Azaratu ta dubi mijinta da fensir a hannu, ta dubi sifikar, ta ce, "Sannu da aiki, Masta." Linda ta tambayi ma'anar kalmar, aka gaya mata, ta ce da wannan sunan za ta sa shi a zaure.

Haka aka yi. Wata uku bai cika ba motoci suka fara layi a ƙofar garejin ranar Asabar, daga Baltimore, daga Richmond, har daga Philadelphia. Samari masu gemu kamar tsintsiya, 'yan mata masu zane a fatar jiki har wuya, yawancinsu 'ya'yan masu hali da ba su taɓa kwana da yunwa ba, kowa da amfilifayarsa, wasu ma sababbi fil a kwali, suna roƙon Masta ya sa mata ciwo. Yakan sa su kunna masa kiɗansu, ya saurara fuska a murtuke, su kuwa su ɗauka zurfin tunani ne. Yakan ce musu da Hausa, "Allah ya shirye ku, 'ya'yan asara," su gyaɗa kai cikin ladabi, wani ma har ya rubuta a hannun rigarsa. Sannan ya ɗauki fensir. Ya rage aikin gidajen haya zuwa kwana uku. Ya kwashe tarkacen bola ya kafa dogon tebur, motar Azaratu dai har yau a waje take kwana.

Yakan gaya wa kansa cewa wannan mashiga ce kawai, aikin gaskiya yana tafe. Ya buga ɗan kati mai sunansa da kalmar gyara a ƙasa, ya bi wajen suna da biki yana raba wa mutanensa. Cewa yake ya buɗe wurin gyaran kayan sauti, Turawa har daga wasu jihohi suke zuwa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi sauran ba.

Ana saura kwana huɗu azumi, wata Asabar da hantsi, Alhaji Abdul-Shakur ya taso daga Fort Washington. Dattijo ne, shi ke riƙe da ɗan masallacin da 'yan zango suke haya a can, kuma mutumin Aboabo ne, ya san rumfar Mumin tun tana da kwano biyu. Amfilifayar masallacin ce ta ɗauke, ga tarawihi ta ƙarato. Yaran kwamiti suka ce a sayi sabuwa, Alhaji ya ce a'a, muna da namu mai hannu. Ya naɗe ta a tawul, ya yi tuƙin awa guda ya zagayo birnin Washington. Shi ne mutum na farko cikin mutanen Mumin da ya taɓa nufo ƙofarsa da kayan gyara a ƙasar nan.

Ƙofar gareji a ɗage take. Mumin yana durƙushe ya bai wa titi baya, gabansa wani dogon akwati mai sifika biyu, ga kwalinsa a gefe ko ledar ba a gama cirewa ba. Samari biyu suna tsaye a kansa, ɗaya yana ɗaukarsa a waya. Alhaji ya yi sallama, ƙarar gita ta danne. Yana tsaye da kayansa a hammata ya ga Mumin ya soka fensir a sabuwar sifika, ya zare, ya sake sokawa, ya ɗauki reza ya tsaga, samarin suna tafi. Sai a sallama ta uku Mumin ya waiwayo.

Ya miƙe da sauri ya cusa fensirin a aljihu, ya rusuna. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, sanyi, labarin Kumasi, wanda ya rasu da wanda ya haihu. Duk tsawon gaisuwar idon Alhaji yana kan sifikar. Mai wayar nan kuwa, da shisshigi irin nasu, ya matso ya ce wa Alhaji ai ya zo wurin da ya dace, duk gabashin Amurka babu wanda ya iya lalata amfilifaya kamar Masta, in ta fito daga hannunsa ko uwar da ta haife ta ba za ta gane muryarta ba. Alhaji yana jin Turanci sarai. Ya gyaɗa kai, ya gyara riƙon tawul ɗinsa.

Mumin ya ce, "Alhaji, me aka kawo mana?"

Alhaji ya ce, "A'a, babu komai. Wucewa nake, na ce bari in tsaya mu gaisa."

Babu inda mutumin Fort Washington zai je da zai bi ta Germantown, su biyun duk sun san haka. Wayar amfilifayar ma ga ta nan tana reto daga cikin tawul. Mumin ya ce a shiga ciki a sha ruwa, Alhaji ya ce wani lokaci, ana jiransa.

Mumin ya taka masa zuwa mota. A bakin mota Alhaji ya shiga laluben makulli, hannu ɗaya bai isa ba, ya ɗan yi jim, sannan ya miƙa wa Mumin kayan ya riƙe masa. Mumin ya karɓa. Yana karkata ta ya ji wani ɗan abu ya gangara a ciki, ga ɗan ƙauri yana fitowa ta ramukan iska. Nan take ya san ciwon. Aikin minti goma ne, kuma yana da irin abin a aljihun tebur. Da ya taɓa ta, da liman zai ja karatu har na sahun ƙarshe ya ji kowane harafi.

Ya ce, "Alhaji, wannan ai..."

Alhaji ya sa hannu biyu ya karɓe abinsa, ya ajiye a kujerar gaba. Ya ce, "A gaida Azaratu. Allah ya kai mu azumi lafiya." Ya shiga, ya ja motarsa a hankali.

Mumin ya tsaya a bakin hanya har motar ta sha kwana. Ya ji da ma bai taɓa buga katin nan ba. Daga cikin gareji mai wayar ya leƙo, ya kira shi cikin fara'a da girmamawa.

"Masta, saura ɗayar."

Mumin ya laluba aljihu ya ciro fensir, ya koma ciki.